Sandar duba mai ta surukina

Surukina yana da wata tsohuwar bashe fara, a-kori-kura irin ta da, wadda ta girme ni da 'yan shekaru. Duk wanda ya ci kasuwar Dungas ko ta Mallawa a wancan lokaci ya san ta. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, fitilarta ɗaya ta lumshe, kujerar gaba kuwa buhu ne aka ninka a kan ƙarfe. Amma in ta tashi, injinta ba ya ko tari. Da ita ya ciyar da gidansa, da ita ya aurar da 'ya'yansa, har da wadda take ɗakina. Ni ne na kashe motar nan, kuma ban taɓa gaya masa ba.

Duk agogunan da ke gaban direba sun mutu tun kafin in shiga gidan. Babu allurar da ke motsi, babu jar wutar da za ta kama in mai ya yi ƙasa. Abu ɗaya ya rage masa na sanin cikin injin, wato sandar duba mai, wadda kanikawa ke ce wa joj. Siririn ƙarfe ne mai lanƙwasa, tsawonsa ya ɗara kamu ɗaya, da zobe a kai inda ake sa yatsa. Wani baduku ya naɗe masa zoben da jar fata don kada zafi ya ƙona shi. A ƙarƙashin zoben akwai roba mai toshe bakin bututu, don kada mai ya feso waje, kada kuma rairayi ya shiga. Robar ta tsufa ta tsattsage, sai ya naɗe ta da zaren auduga. Can ƙasan sandar akwai zane biyu, na sama da na ƙasa.

Kowace safiya bayan ya karya kumallo sai ya ɗaga murfin inji, ya tokare shi da guntun tabarya. Ya zaro sandar, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya juya ta wajen hasken rana, ya ɗora farcen babban yatsansa daidai inda mai ya tsaya. Motar tana shan mai kamar yadda tsofaffin motoci ke yi, don haka kusan duk ranar kasuwa sai ya ƙara mata gwangwanin tumatir ɗaya ko biyu. Bai taɓa tashin ta ba tare da ya yi wannan ba, ko da fasinja na ta ƙorafin rana ta yi.

Ni kuwa mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, a wani ƙauye kusa da garinmu, kuma a lokacin ina ji da kaina. Na iya lissafi, na iya Faransanci, ina ganin babu abin da zai gagare ni in dai da hankali ake yin sa. Amma a gaban surukina duk wannan ba ya aiki. Shekara goma sha biyu da aurena, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi da “ku”. In ina da magana, matata ce ke kai ta, ita ce kuma ke kawo amsa. Haka muka tarar ana yi, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai a shekarar da nake ba da labarinta.

Bayan kaka ne. Ina da dammunan gero a gonata ta wajen Sassumburum, mai amalanken da na yi magana da shi kuma bai zo ba. Matata ta je ta roƙi mahaifinta aron motar. Ko 'ya'yan cikinsa ba ya ba su makullin, amma ni ya aiko a kira ni, ya miƙo mini da hannunsa.

“Mushe,” ya ce, “abu guda. Kada ka tashe ta sai ka duba mata mai.”

Na ce, “To, Baba, in Allah ya yarda.”

Na kuwa duba. Da muka gama lodi a gona, na ɗaga murfin, na tokare shi, na zaro sandar. Mai ya ɗan yi ƙasa. Maimakon in mayar da ita raminta, sai na gitta ta a bakin ƙarfen gaba, na zagaya in ɗauko galan ɗin mai. Masu lodi suka jefa damin ƙarshe, motar ta girgiza, tabarya ta zame, murfin ya faɗo da dukkan nauyinsa. Da na ɗaga, sandar ta rabu gida biyu. Na tsaya ina kallon guntayen, gumi na keto mini kamar wanda ya fasa tulun amarya. Na toshe bakin bututun da tsumma da guntun kara, na lallaɓa muka iso gida.

Da mutum mai hankali ne, da ya aika matarsa ta ce, “Baba, an yi ɓarna.” Da tsohon ya yi faɗa na yini ɗaya, ya nemo wata. Amma ni na kasa. Mutumin da ya hana 'ya'yansa ya ba ni, a ce kwana ɗaya na karya masa abin da ya fi ji da shi a jikin motar? Na ce wa matata akwai sauran dammuna, a roƙa mini ƙarin kwana guda.

Washegari na hau babur na tafi Magariya. Guntayen ban tafi da su ba. Na kwance jar fatar kawai na sa a aljihu, ƙarfen kuwa na ɓoye shi a kabad ɗin ajinmu, ƙarƙashin kwalayen alli. Tsorona kada wani direba ya gan ni da karyayyar sanda ya gane ta, labari ya riga ni isa gida.

Mai sayar da tsofaffin kayan mota ya shiga cikin rumfarsa ya fito da sanduna a ɗaure kamar tsintsiya. Ya tambaye ni ta wace shekara ce, ta ɗaukar kaya ce ko ta shiga, an taɓa canza mata inji ko kuwa. Ban san amsar ko ɗaya ba.

“Kawo tsohuwar mu gwada, Mushe,” ya ce. “Motocin nan fuskarsu ɗaya, amma sandunansu ba ɗaya ba ne. Wata ta fi wata tsawo, wata robarta na sama, wata na ƙasa. In ka sa wadda ba tata ba, ƙarya za ta riƙa yi maka.”

Na ce masa na san tsawonta. Na ɗora wata a hannuna daga gwiwar hannu zuwa yatsa, na ga ta yi kama, robarta kuma sabuwa ce mai laushi. Ya ɗaga kafaɗa ya ba ni. Mutumin nan ya gaya mini gaskiya ƙarara, ni ne na ga bai kamata mai koyar da lissafi ya ce bai sani ba a tsakiyar kasuwa. Na kai wa wani baduku ya ɗinka tsohuwar fatar a kan sabon zoben. A hanya na tsaya na shafe ƙarfen da baƙin mai da ƙasa don ya yi kamar ya tsufa. Wannan ba kuskure ba ne, da gangan na yi shi, kuma shi ya fi ci mini rai in na tuna.

Da na zura ta a injin, ta zauna daram. Na zaro, sai na ga mai ya wuce zanen sama. Na ce wa kaina ai jiya a ruɗe nake, na zuba fiye da kima. Na wanke motar tas na mayar.

“Baba,” na ce, kaina a ƙasa, “na sa mata sabuwar roba a bakin sanda, waccan ta tsage.”

Ya zaro ta, ya matsa robar da yatsa, ya yi murmushi. “Har ka goge mini ita. Allah ya yi maka albarka, Mushe.”

Mako ɗaya, mako biyu, mota ba ta nemi mai ba. Kullum da safe ya duba, sanda ta ce a cike take. Murna ta kama tsohon. A tasha ya faɗa, a majalisar ƙofar masallaci ya faɗa: ashe duk shekarun nan ta bakin sanda mai ke zuba, sai da surukinsa mai ilimin boko ya taɓa ta kwana biyu ya gano. Ya aiko mana da zabo. Matata ta dafa shi da yaji, tana ta fara'a, tana cewa ba ta taɓa jin Baba ya yabi wani haka ba. Na ci naman nan, har na tauna ƙashi. Yabon ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Amma duk ranar da motar ta wuce ta gaban lakwal, ina ganin shuɗin hayaƙi na bin ta a baya kamar da. Ko ɗan aji uku ya san abin da ke ƙonewa ta baya ba a tsayar da shi da roba ta gaba. Wata rana bayan azahar, lokacin da na san yana kishingiɗe a zaure, na ɗauko guntayen nan biyu a cikin rigata na je inda motar ke fake ƙarƙashin dogon yaro. Na zaro sabuwar, na jera su a ƙasa, roba daidai da roba. Sabuwar ta ɗara tsohuwar da yatsa uku. Wato tana nitsewa can ƙasa ta taɓo mai, ta fito ta ce a cike yake, alhali ya sauka ƙasa da inda ya kamata a ƙara.

Ranar na yi niyyar faɗa. Bayan la'asar na je zaure, na tuɓe takalmi, na durƙusa. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya tambayi yara, ya tambayi lakwal.

“Baba, dama maganar motar nan ce.”

“Ai motar nan ka gama mata komai,” ya ce. “Jiya ma sai da na gaya wa liman. Akwai wani abu ne?”

Akwai dattawa biyu zaune tare da shi, suna gyaɗa mini kai. Na ce, “Babu komai, Baba, dama cewa zan yi Allah ya ƙara tsarewa.” Suka ce amin, na tashi na sa takalmina.

Sai na bi ta hanyar da na saba. Na ce wa matata ta gaya masa ya riƙa ƙara mai ko da sanda ta nuna a cike. Ta dawo tana dariya. Wai Baba ya ce a gaya wa Mushe ya riƙe allinsa, shi ya riƙe sandarsa, shekara talatin ke nan suna tare. Ta tambaye ni me ya sa na faɗi haka, na ce tsautsayi nake gudu.

Na koma Magariya, wannan karon da guntayen. Mai rumfa ya gwada su da duk sandunansa, babu mai tsawonsu. Bai ce mini “ai na gaya maka” ba, ya dai dube ni. Ya ce in ba shi mako biyu ko uku, zai sa a nemo daga Kano. Na yi lissafina irin na malamai: mako uku ne kawai, in na riƙe motar da mai har lokacin, sai in sake musanyawa, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Na sayi galan na ɓoye a rumbu. Duk bayan kwana biyu, in gari ya yi tsit da zafin azahar, sai in saɗaɗa in ɗaga murfin in zuba kaɗan. Ni da nake yi wa yara bulala in sun yi ƙarya, ga ni ina sanɗa a ƙofar gidan surukina kamar ɓarawon kaji. Har ya fara cewa motar albarka ta shige ta, mai ƙaruwa yake yi.

Ana cikin haka takarda ta zo, an kira mu Damagaram horon malamai na kwana goma sha biyu. Kafin in tafi na zuba mata fiye da yadda na saba, na ce zai kai. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne lokacin gyaɗa ne. Motar da ke fita sau biyu a mako ta koma fita kullum, da lodi har sama.

A rana ta tara matata ta kira ni a waya. Ta ce a kan hanyar Mallawa abin ya faru, wajen wani tudun rairayi, da tsakar rana. Injin ya fara ƙwanƙwasa, kafin surukina ya kashe ta ta tsaya da kanta. Bijimai biyu aka ɗaura mata suka jawo ta har gida, shi yana ciki yana riƙe da sitiyari, mutane na fitowa kallo. Da bakanike ya kwance ƙasan injin, man da ya fito bai cika kwanon sha ba. Ƙarafunan ciki sun cinye juna.

Da na dawo na je jaje. Zauren cike yake, 'ya'yansa maza duk suna nan. Na samu gefe na durƙusa. Surukina yana ba da labarin, da alama karo na ashirin.

“Wallahi na duba ta da safen ranar. Mai yana tsakanin zane da zane. Da idona na gani.”

'Ya'yan suka dubi juna. Babban ya sassauta murya ya ce, “Baba, ido ne. Shekaru sun ja. Gara da abin ya tsaya a kan inji, ba a kan rayukan mutane ba.”

Na jira ya yi gardama, don mutum ne da ba a kayar da shi a magana. Sai ya ɗaga hannunsa ya duba tafinsa, ya nesanta shi, ya kusanto da shi. Sannan ya ce, “To. Wataƙila haka ne.”

Ina zaune a wurin, tazarar da ke tsakanina da shi ba ta fi taku uku ba. Kalma kaɗan ce za ta wanke shi: ba idonku ba ne, Baba, sandar ce ba taku ba. Na dubi tabarma, na ƙirga saƙarta. Aka yi addu'a, na shafa tare da kowa.

'Ya'yan suka yanke shawara ba za a gyara ba. Kayan irin wannan inji sai an sha wahala kafin a samu, kuma ko an gyara, ba za su bar shi ya sake tuƙi ba. Motar ta zauna ƙarƙashin dogon yaro, tayoyinta suka sace, awaki suka mayar da bayanta wurin kwana. Bayan mako guda mai rumfar Magariya ya aiko mini cewa sandata ta samu. Na je na karɓa, don ban san abin da zan ce masa ba. Tsawonta daidai, ko gashi babu bambanci.

Abin da ya fi motar zafi shi ne yadda tsohon ya koma. Ya daina yarda da idonsa. A miƙo masa waya, sai ya ce a duba masa wa ke kira. A kawo hatsi, sai ya ce a duba masa ko mudun ya cika. Ya daina zuwa kasuwanni, ya ce kada ya gaisa da wanda bai gane ba. Ni kuwa na san idonsa garau yake. Na taɓa ganinsa ya hango akuyarsa a cikin garken wani tun daga nesa, ya kira ta da kamanninta, sannan ya yi sauri ya ce, “Ko ba ita ba ce? Mushe, duba mini.” Ni ya fi kira in duba masa abu, wai ni ne mai ido da ilimi. Duk lokacin da ya faɗi haka sai in ji kamar in nutse cikin ƙasa. Kullum ina cewa Juma'a mai zuwa zan faɗa, in na same shi shi kaɗai. Na same shi shi kaɗai ba sau ɗaya ba. Amma duk makon da ya wuce, maganar sai ta ƙara nauyi, don yanzu ba karya sanda kawai zan amsa ba, har da shirun da na yi a zaure.

Bayan damina biyu masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo, 'ya'yansa suka sallama musu motar. Kafin a ɗora ta a babbar mota ya ce su dakata. Ya ɗaga murfin da kansa, ya zaro sandar, ya goge ta da bakin rigarsa. Da yamma ya aika a kira ni. Na tarar da shi shi kaɗai a zaure, sandar na kan cinyarsa.

“Mushe, matso.” Na matsa. “Yaran nan ba su san darajarta ba, kai ne ka taɓa kula da ita. Riƙe wannan. Shekara talatin ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ni ne na kasa karanta ta.”

Ya miƙo mini. Na sa hannu biyu na karɓa. Jar fatar ta yi baƙi da gumin yatsansa, ɗinkin badukun Magariya yana nan a gefe, ina ganinsa.

“Baba,” na ce.

“Na'am.”

Ya jira. Babu kowa, babu dattawa, babu 'ya'yansa, ko kaza ba ta gitta ba. Ya karkato da kai yana saurare.

Na ce, “Na gode. Allah ya ƙara girma.”

Ya rasu a shekarar da ta biyo. Matata ta rataye sandar a bangon ɗakinta, tana nuna wa yara tana cewa da wannan kakanku ya ciyar da mu. Tasa ta gaskiya, guntaye biyu, tana cikin kwalin alli. An canza mini lakwal sau uku tun daga lokacin, kuma duk inda aka kai ni da ita nake tafiya.